Inci Bakwai a Littafin Tela

Salamu alaikum, 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Yau sai kun yi haƙuri da ni.

Wanda yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice. Shekaruna arba'in da shida. Mijina ya rasu shekara shida ke nan, 'ya'yana biyu sun yi aure sun yi nisa. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida, kuma ni ke jinyar mahaifiyata, Inna, tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye. A gidanmu har gobe Auta ake ce mini. Furfura ta fito mini a gaban goshi, amma in Yaya ta buɗe baki ta ce "ke Auta", sai ka rantse yarinyar da ta fasa kofi take kira.

Akwai kuma mai nemana. Kada ku yi dariya, zuciya ba ta furfura. Mai Tabarau nake ce masa, don sana'arsa ke nan. Da girmana na koyi karatu, shi ya sa da baƙaƙe suka fara yi mini hazo ban tsaya wasa ba, na tafi shagonsa. Ya sa mini gilashi, ya ce in karanta layin ƙasa, na karanta, ya ce in sake, na sake. Sai a karo na huɗu na gane ba idona yake gwadawa ba. Matarsa ta rasu, mutum ne mai sanyin magana, kullum cikin farar riga mai guga, kuma yana da ɗabi'a guda: duk lokacin da magana ta yi masa nauyi, sai ya zare tabarau ya hau gogewa da gefen riga. Da can abin burge ni yake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari in faɗa muku abin da wata takwas ina danne da shi.

Wata safiya na ɗauki Inna zan kai ta banɗaki. Kujerarta mai taya ba ta shiga ƙofar, don haka kullum a hannu nake shiga da ita. Na taka dandamalin ke nan, gwiwata ta hagu ta ce ba da ita ba. Muka zube tare. Kan Inna ya kuskure bakin tayil da abin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Muna kwance cikin ruwan sabulu, ita ba ta iya tashi, ni ma na kasa tashi, kilo ɗari da huɗu a kan gwiwar da ta mutu. Famfo na ɗiga a bokiti, ina jin wani yana buga ƙofar shago yana neman ashana. Da jan ciki na kai bango na miƙe.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta kama bakin zanena da hannunta mai lafiya, ta tattaro harshenta da ƙyar.

"Kada... yayarki... ta ji."

Na san abin da take gudu. Shekara biyu Yaya na neman dalilin da za ta kwashe Inna zuwa gidanta, can ɗakin baya kusa da injin wuta, a ɗauko mai kula da ita. Inna kuwa shekara hamsin tana gidan nan, ta ce in ba a kan makara ba, ba ta fita. Na rantse mata. Tabon da ya fito mata a kwatangwalo sati uku ina rufe shi da mayafi in Yaya ta zo.

Likita bai ɓoye mini ba, ya ce gwiwar ba ta karye ba, gajiya ta yi da kayan da na ɗora mata. Ƙuguna inci hamsin da huɗu, cinyoyina suna gugar juna har su yi ja in na yi tafiyar kasuwa. Shi ya tura ni wani wurin motsa jiki na mata zalla, ɗaki ɗaya a saman kantin taya, fanka na kuka, madubin bango a tsage. Mai koyarwar wata 'yar gajeriya ce, Koci muke ce mata, bakinta ya fi ƙarfen nauyi.

Ranar farko na ce mata, "Ni ƙugu da cinya kawai nake so su ragu, sauran a bar mini."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Hajiya, jiki ba shagonki ba ne da za ki ce a sauko da wancan a bar wancan. Kitse inda ya ga dama yake fara tashi. Fuska za ta fara zubewa, wuya ya bi. Ƙugu kuwa baƙon da ba ya jin sallama ne, shi ne ƙarshen fita. Zauna a kujerar nan. Tashi. Ban ce ki dafa gwiwa ba! Zauna. Tashi."

Sau shida na yi na ga taurari. Haka muka fara, sau uku a sati, da safe, maƙwabciyata na zama da Inna, Yaya kuwa ta ɗauka ajin karatu na koma. Daga zama da tashi aka ba ni ƙarfe mai kilo biyar in rungume ina tsugunnawa. Aka koya mini in kwanta in ɗaga ƙugu sama in matse, aka koya mini in tura mazaunai baya, in miƙar da gadon baya, in ɗauki abu daga ƙasa da ƙarfin cinya. Abinci kuma aka juya mini faranti: rabi ganye, ƙwai ko wake ko kifi, shinkafa cikin tafin hannu. Sukari daga cokali uku ya koma babu. Kun san azabar mai sayar da lemon kwalba mai sanyi wadda aka hana ta sha? Ni ke buɗe firij in miƙa wa mutane, raɓa na bin hannuna, in koma in sha ruwa.

A wata na bakwai na ɗaga kilo hamsin daga ƙasa. Inna kilo arba'in da bakwai ce. Ranar a bakin titi na tsaya na share hawaye.

Sai dai maganar Koci ta tabbata. Fuskata ta zabge, ƙasusuwan wuyana da na manta ina da su suka fito. Mutane suka daina ce mini "ya kasuwa?" suka koma "ya jiki?" Ni kuwa ba mai yawan magana ba ce, in ce da sauƙi in wuce.

To, ga inda aka haihu a ragaya.

Telata shekara ashirin tana yi mini ɗinki, kuma tana da tsarinta na aiki: ba ta goge awo. Kowace mace da shafinta a wani babban littafi, in jiki ya canza sai ta ja layi a kan tsohon, ta rubuta sabon a ƙasa, da kwanan wata. Ta ce jikin mace kogi ne, yana cika yana janyewa, ba a yar da tsohon awo. Kowane wata ina kai mata kaya ta rage, don haka shafina ya zama tsani mai gangarawa. Hamsin da huɗu, hamsin da uku, hamsin da ɗaya, har arba'in da bakwai.

Mai Tabarau ya so ya yi mini bazata da ɗinki. Kunya ta hana shi tambayar awona, sai ya aiki yayarsa wurin telar. Yayar nan tasa Anti Nas ake ce mata, shekara talatin tana aikin asibiti kafin ta yi ritaya, kuma har yau kowa mara lafiya ne a wurinta sai in ya kawo shaida. Tela ta buɗe mata shafina da zuciya ɗaya. Matar da ta ƙare rayuwarta tana karanta takardar da ake ratayawa a ƙarshen gadon majinyaci, ta ga lambobi na sauka wata bayan wata, da kwanan wata a gefe. Ba ta ga awon siket ba, ta ga katin asibiti. Ta ɗauki hoto, ta zagaye shi da jan layi, ta jefa a gurup ɗin danginsu, ta rubuta a ƙasa: "Inci bakwai a wata bakwai. Ku tambaya me ya kashe mijinta."

Ƙoda ce ta kashe mijina, Allah ya ji ƙansa. Kowa ya sani. Amma wa ke neman gaskiya in ƙarya ta fi ta daɗin turawa?

Kafin azahar hoton ya zagayo wayar Yaya. Saƙon muryarta minti huɗu ne, ba sallama.

"Ke Auta! Kin ga abin da kika ja mana? Mu da aka san mu da cikar jiki tun kakanni, ke kin zama abin nuni! Asabar suna zuwa, shi da yayar tasa. Ki zauna a gida. Kuma in kin san akwai abin da kike ɓoyewa, ki faɗa mini tun kafin in ji a bakin duniya."

Akwai kuwa, amma ba irin wanda take zato ba. Kun ga inda aka matse ni? In na faɗi dalilin ramata, sai na faɗi faɗuwar banɗaki, Yaya ta samu abin da take nema ta ɗauke Inna. In na yi shiru, ƙazafin ya zauna, auren ya tashi.

Na rubuta wa Mai Tabarau: "Ka ga abin da Anti ta tura?"

Ya karanta nan take. Sai bayan awa biyu ya amsa: "Na gani. Ki yi haƙuri, kin san manya. Za a zauna a fahimci juna."

Yau Asabar ɗin. Yaya ta riga su zuwa, cikin leshi ruwan toka mai duwatsu, turarenta ya riga ta shigowa falo. Tana dafe da bango tana hawa 'yar matakalar ƙofa ɗaya bayan ɗaya, don ita ma gwiwoyin nata sun daɗe da yin murabus, amma ba a isa a faɗa ba. Ta leƙa ta gaida Inna a tsaye, ta dawo ta zazzage jaka a kan tebur: kwalabe uku na maganin ƙiba, gwangwanin madara babba, man shafa a burodi.

"Cokali biyu safe da yamma. Wata ɗaya kin dawo mutum."

"Yaya, lafiyata ƙalau."

"Labarin zuciya a tambayi fuska. Kin ga fuskarki kuwa? Kamar an tsotse mangwaro an yar. Mene ne wannan kika sa?"

Doguwar riga ce shuɗiya, wadda tela ta rage mini makon jiya, ta zauna mini daidai.

"Cire. Ga siket biyu na ciki na kawo, masu kauri, ki ɗora su, sannan ki ɗaura zani a kai. Ko ba komai a ga tudu in kin juya baya."

"A wannan zafin?"

"Zafin zawarci ya fi shi. Shekara shida kina zaune, Allah ya kawo miki mai rufin asiri, ke kuma kin tashi kina narkewa kamar kyandir. Maza na son abin da za su gani, ba sandar shanya ba."

Na sa. Wallahi na sa. Shekara arba'in da shida ina bin maganar Yaya, ba a kwana ɗaya ake warware wannan ba. Na fito falo ina tafiya kamar an naɗe katifa.

Suka yi sallama. Anti Nas doguwa ce busasshiya, farin mayafi, agogon maza a hannu, jaka a maƙale a hammata kamar za a ƙwace. Mai Tabarau na bayanta da ledar lemo da ayaba, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta. Maimakon ta amsa, sai ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

"Duba sama. Fito da harshe."

Na mayar da kaina baya. "Anti, ina wuni na ce."

"Lafiya, in ji masu ita." Ta goge yatsan da hankici, a gabana. "Kina tari? Zufa fa? Abinci na zama?"

Yaya ta yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Hajiya, ai jinyar tsohuwa ce ta ɗan taɓa ta. Dube ta da kyau, jikin na nan."

Anti Nas ta kalli ƙuguna, ta taɓe baki. "Ido ba mudu ba, ya san kima. Siket nawa ne a ciki, biyu ko uku?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na saci kallon Mai Tabarau. Ya zare gilashin, ya kama gefen riga.

Na ce, "Anti, motsa jiki nake yi. Ina ɗaga ƙarfe, na kuma rage ci. Likita ne ya sa ni."

Yaya ta juyo gaba ɗaya. "Ƙarfe? Wane ƙarfe? Ba makaranta kike zuwa ba?"

"Ƙarfe," in ji Anti Nas, tana jan kalmar. "Da jikoki. To ga ta nan, mai neman suna. Wane likita? Me ya gani da ya sa ki? Mace ba ta kwana lafiya ta tashi ta tsani jikinta rana ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru wata takwas da suka wuce?"

Ta iya tambaya, wannan ba zan hana ta ba. Ta taka kan abin daidai. Labulen ɗakin Inna na motsi da iskar fanka, na san tana jin komai, don kunnenta bai shanye ba.

"Gwiwa ce," na ce.

"Gwiwa! Duk wadda ke falon nan gwiwarta na ciwo, wa kika ga ta zube inci bakwai? Ki saurare ni da kyau, ni ba na kwana-kwana. Litinin zan kai ki inda na yarda da shi a ɗebi jininki, sakamakon kuma hannuna zai zo, ba naki ba. In ya fita fes, ki bar wannan haukan ƙarfen, ki mayar da jikinki cikin wata uku, don bakin mutane ya mutu. In ba haka ba, ƙanina ya binne mace ɗaya, ba zai binne ta biyu ba."

"Gwaji ba ya ba ni tsoro, Anti, ko yau a je. Amma jinina ne, takardar tawa ce. Ƙarfen kuma ba zan bari ba."

"Za ki bari!" Yaya ta buga tebur har kwalaben suka yi ƙara. "Don ubanki za ki bari! Uban namu ɗaya, amma na faɗa!"

Na juya wurinsa. Ban taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban manya ba sai yau.

"Malam, kai me ka ce?"

Ya ɗaga gilashin sama yana duba ko ya fita. Ya hura masa iska. Ya sake gogewa.

"To... ni dai a ganina, a yi abin da zai kwantar da hankalin kowa. Kuma gaskiya, yadda na fara ganinki ɗin nan, ai ba laifi."

Ai ba laifi. Matar da ya fara gani ita ce wadda ta kwanta cikin ruwan sabulu ta kasa ɗaga uwarta.

A daidai nan cokali ya buga kofi. Ƙarfe a jikin tangaran, sau uku. Haka Inna ke kirana in tana son banɗaki.

Na miƙe. Ina kaiwa bakin gadon na gane ba zan iya buɗe ƙafa in tsugunna ba, siket biyu da zani sun ɗaure ni kamar buhu. Na saki labule, na tuɓe su, na zura shuɗiyar rigata, na ɗaga labulen na ajiye wa Yaya siket ɗinta a cinya.

"Riƙe mini tudun, Yaya, aiki zan yi."

Sai na koma. Na ware ƙafafu, na tura ƙugu baya, na sa hannu ɗaya a bayan Inna ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na ja numfashi, na taka ƙasa na miƙe. Ta taso kamar jaririya. Hanyar banɗaki ta gefen falo take, dole na ratsa ta gabansu. Na taka dandamalin nan da ƙafar hagu, wadda ta ci amanata, ko gezau.

Da muka gama na fito da ita, fuskarta a wanke, sai ta matse mini wuya alamar in tsaya. Ta dubi Anti Nas da idonta mai lafiya. Na ji ƙirjinta na tattara magana, na yi saurin tare ta.

"Inna, bari..."

"Ba ta... sake... yar da ni ba." Ta haɗiye yawu. "Ko sau ɗaya."

Da alfahari ta faɗa. Kare ni take yi, baiwar Allah, ta ji ana cin naman 'yarta ta manta da rantsuwar da ita ta sa ni.

Yaya ta miƙe a hankali, siket ɗin suka zube ƙasa.

"Sake?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina tsaye da Inna a hannu na faɗa musu komai, sabulun, gwiwar, bakin tayil ɗin, tabon da na rufe sati uku.

"La'ilaha illallahu! Kin kusa kashe mana uwa kika rufe? Ina zuwa gidan nan ina gaishe ta, ashe da rauni a jikinta! Muguwa! Shiru-shirun nan naki dama na san ba na Allah ba ne! Litinin zan zo da mota, ko tsinkenta ba zan bari a gidan nan ba!"

Yatsun Inna suka nutse a wuyan rigata. Ina jin zuciyarta na bugawa a jikin tawa.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Ba sai Litinin ba, Yaya. Ga ta. Karɓe ta daga hannuna ki kai ta bakin ƙofar can. In kin kai, ki tafi da ita yau."

Na matsa taku ɗaya. Yaya ta dubi Inna, ta dubi ƙofar, taku shida ne kacal. Hannunta ya ɗan ɗago, sai ya koma ya dafa kujera.

"Ni kike wa rashin kunya a gaban baƙi?"

"Baƙin da suka buɗe mini ido suka duba harshena? Ai sun zama 'yan gida."

Na kai Inna gado, na gyara mata filo, na dawo. Na ɗauka Anti Nas za ta ji nauyi ko da na sakan ɗaya ne. Ina! Tana gyara mayafi, ta ce, "To da kin faɗa tun farko ai da ba a kai nan ba. Duk da haka a yi gwajin. Kuma ni yanzu na ga wata matsalar, wannan ai ba mace ɗaya za a aura ba, da gadon asibiti za ta tare. Tashi mu tafi."

Ya tashi. Ya mayar da gilashin fuskarsa, a karo na farko tun da ya zare shi.

Na tattara kwalaben uku na zuba a ledar da ya kawo lemo, na miƙa wa Anti Nas da hannu biyu, da ladabi.

"Anti, ga tsaraba. Cokali biyu safe da yamma. Na ga ke ma wuyan ya fito, kada mutane su fara tambaya."

Yaya ta ce "Auta!" kamar za ta shiɗe. Anti Nas ta watsar da ledar a bakin ƙofa, kwalba ɗaya ta fashe, abin ya malale a matakala, baƙi, mai danƙo. Yaya ta bi bayansu tana ba da haƙuri, tana tsallake shi da ƙyar, ko sallama ba ta yi wa Inna ba.

Na wanke matakalar. Na buɗe shago, na sayar da sabulu biyu da gishiri. Na dafa wa Inna ƙwai, na dafa wa kaina, muka ci. Da na zo ɗauke farantin ta kama hannuna ta ce, "Na... yi ɓarna?" Na ce a'a, Inna, kin sauke mini kaya ne.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara sau biyu.

Na farko Yaya ce: "Litinin ƙarfe goma. Na gaya wa su Kawu."

Na ce a raina, ta zo. Ta taho da su Kawun, duk wanda ya iya ɗaga ta ya fara magana.

Na biyu Mai Tabarau ne. Na sa gilashin da shi ya yanka mini na karanta.

"Ban san ke kaɗai kike wannan ɗawainiya ba. Na ji kunya. Gidana bene ne, matakala goma sha bakwai. In Inna za ta biyo ki, za ki iya hawa da ita? Zan shawo kan Anti a hankali."

'Yan uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta motsa. Shekara shida ba wanda ya tambaye ni abin da zan iya. Na rubuta "Zan iya." Na zuba wa kalmomin ido. Sai na tuna yatsan nan a fatar idona, da hankicin da aka goge shi, da mutumin da ke hura wa gilashi iska. A hankali, wai. Na goge.

Ga abin da na tura masa, harafi da harafi:

"Inna ba ta barin gidanta, ni kuma ba na barin Inna. Matakala ba ta ba ni tsoro, Malam, ko talatin ce. Abin da ke ba ni tsoro namijin da ake zagina a gabansa yana goge tabarau. Hoton awona yana nan a gurup ɗinku da jan layi. A inda aka ɓata ni, a nan za ka wanke ni, da bakinka, Anti na gani. In ka yi, ka zo mu yi maganar bene."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace. Na san abin da hannunsa ke yi a tsakani.

Sai cokali ya buga kofi, sau uku.

Na kifa wayar a kan firij, na ware ƙafafuna, na tafi ɗaukar uwata.